Ina son in ajiye aikin kamfani in koma aikin agaji, Baba ya ce na saki reshe

Assalamu alaikum Hajiya. Da fatan kina lafiya, ya gida ya ƙoƙari.

Ni magidanci ne, shekarata 35, ina zaune unguwar Zariya a nan Maradi. Matata ɗaya, 'ya'yanmu uku, na huɗu yana hanya. Shekara 9 ke nan ina riƙe da lissafin kuɗi a wani kamfanin kayan masarufi. Albashina jaka 260 a wata, ana zuba mini CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, kuma tsakanina da maigidana sai alheri. Amma Hajiya, zuciyata ta daɗe da barin wurin. Buhu ya shigo in rubuta, buhu ya fita in rubuta, shekara ta zagayo.

Bara da damina ɗiyata ta kwanta asibiti da zazzaɓin cizon sauro. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga ƙauye da ɗanta mai tamowa, shekararsa biyu amma ko zama ba ya iyawa. Mu aka sallame mu, su ban san yadda suka ƙare ba. Bayan haka wani abokina ya ja ni cikin 'yan sa kai masu bin gida-gida ranar Asabar suna auna damtsen yara, wanda awonsa ya faɗa cikin jan launi na igiyar awo, alamar tamowa mai tsanani, a tura uwarsa likita. Wata 14 ke nan ban fasa ba ko sau ɗaya. Ranar Asabar kafin assalatu na farka. Ranar Litinin kuwa kamar an ɗaura mini dutse a ƙafa.

Yanzu wata ƙungiya ta gida ta yi mini tayin aiki a wajen Gidan Runji. Kwantaragin wata 6, jaka 180, sun ce in an samu kuɗi za a sabunta. Mahaifina ya ce zan saki reshe in kama ganye, har ya tambayi ƙanena ko wani abu ya taɓa mini kai. Maiɗakina ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi faɗan Baba damuna. Ni kuwa ina ji kamar Allah ne ya nuna mini abin da ya halicce ni dominsa. In tafi ko in zauna?

Ɗanki, daga Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa ɗiyarka lafiya, ya sauki maiɗakinka lafiya.

Ba zan ja maka rai ba: wannan takarda ta wata 6, kada ka sa mata hannu yanzu. Amma babu abin da ya taɓa maka kai, kuma da zan haɗu da Baba sai in gaya masa haka bayan mun gaisa. Gyara zama, maganar tana da tsawo.

Ciwon da kake fama da shi na san shi, don ya taɓa kama ni. A 2005 ina koyarwa a lakwal. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta bi bayanta, kafin bazara tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. A wannan shekara ta 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar, da yawansu a nan jihar Maradi. Da aka ba mu babban hutu sai wata ƙawata ta ce in zo in taya su tantance yara a wata ƙungiya. A kwana na biyu wata tsohuwa ta kwanto jikanta daga goyo ta miƙo mini. Na zagaya igiyar awon a damtsensa, na ja, na ƙara ja, igiyar ta shige can cikin ja, damtsen bai fi babban yatsana kauri da yawa ba. A lokacin sai ƙasa da santimita 11 ake shiga ja, daga baya aka ɗaga zuwa 11 da rabi da kuke aiki da shi yanzu. Na danna bayan ƙafarsa na ƙirga uku, na ɗaga yatsa, ramin ya tsaya kamar a ƙullin tuwo. Ko kuka bai yi ba. Bayan mako biyar tsohuwar ta dawo karɓar abincin gyaɗar nan na cikin leda, yaron yana fizgar ɗankwalinta yana ihu. Ranar nan na koma gida na kasa cin abinci don murna. Da aka koma makaranta allo ya fita raina, kamar yadda buhunan shinkafa suka fita naka. Bayan shekara guda na ajiye alli, na yi shekara 14 a aikin furoje.

To ka ga ba daga kan tabarma nake maka magana ba. Abin da kake son yi na yi shi, ban kuma yi nadama ba. Sai dai akwai abubuwan da ba wanda ya gaya mini, su nake son in gaya maka.

Aikin agaji ma yana da Litinin ɗinsa. Ka tambayi kanka, me ƙungiyar nan ta gani a wurinka? Masu auna damtse ba su yi mata kaɗan ba. Shekaru da dama ke nan ana koya wa uwaye mata su auna 'ya'yansu da kansu a gida, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada haka a nan Nijar ya kuma yi aiki, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Abin da ƙungiya take nema ruwa a jallo shi ne mutumin da ya shekara 9 yana rufe lissafi ba a taɓa samun giɓi ba. Kujerar kwantabul za su ba ka, ko da sun kira ta da wani suna. Kuma bari in gaya maka yadda ranar mai wannan kujera take. Za a sayi tabarmi 40, dole ka nemo farashi daga 'yan kasuwa uku, kowanne da faktir da hatimi, alhali mai saƙa tabarmar ko karatun boko bai yi ba. An yi taron mata 60 a ƙauye, kai ne za ka zauna da takardar dangwale kana ƙirga yatsu, ka tarar 58 ne, ka kwana kana neman inda biyu suka shiga. Direba ya sha mai a hanya bai karɓo rasit ba. Ƙarshen wata ga rahoto ga masu ba da tallafi, kowannensu da irin tsarinsa da irin Faransancinsa, wani ma da Ingilishi. Sai masu binciken kuɗi su zo su zauna maka mako guda a kan jaka 12. A shekaruna na ƙarshe nakan yi wata biyu ban taɓa jikin yaro ko ɗaya ba. Yara sun koma lambobi a cikin kwamfuta: an karɓi kaza, an sallami kaza, kaza sun daina zuwa, kaza sun rasu. Yau kana ganin yara sau huɗu a wata da idonka. In ka karɓi aikin nan, mai yiwuwa ka fi haka nisa da su, a kan albashin da ya gaza naka da jaka 80.

Ban raina aikin takarda ba, kada ka fahimce ni a karkace. In lissafi ya lalace kuɗi ya tsaya, in kuɗi ya tsaya kwalin abincin yara ba ya isa likita. Mai riƙe da alƙalamin nan yana da rabonsa a duk yaron da ya miƙe. Amma daɗin da kake ji ranar Asabar, na gaisuwar tsofaffi a zaure da uwar da ta gane ka a kasuwa ta ce ga yaronka ya yi ƙiba, ba lalle ya bi ka cikin biro ba. Gara ka san haka tun kana gida.

Sai kuma kalmar nan da suka gaya maka, “in an samu kuɗi”. Wanda ya faɗa maka ita bai yi maka ƙarya ba, ya ma kyauta da ya faɗa. Amma ka san me take nufi a wannan zamani? Yawancin ƙungiyoyinmu na gida ba su da rijiyar kansu. Wata babbar ƙungiya ce ta waje ko hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya take yanko musu wani ɓangare na aikinta, ita ma daga wata gwamnati take karɓowa. In aka toshe daga sama, na ƙasa ne yake fara jin ƙishi. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin da Amurka take bayarwa a ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar an rufe hukumar USAID gaba ɗaya. Wasu ƙasashen Turai ma, irin su Ingila, sun rage nasu kason. A nan gida kuma dangantaka tsakanin hukuma da ƙungiyoyin waje ta canza tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A watan Nuwamba na 2024 an janye izinin aikin ƙungiyar Acted ta Faransa, a Fabrairu na 2025 aka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge ya rufe ofisoshinsa. Ba ina yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya ba, wannan ba filinsa ba ne. Abin da ya shafe ka shi ne, duk ranar da irin haka ta faru, ɗan ƙasa mai kwantaragi ne yake komawa gida da takarda a hannu. Kuma ba yau farau ba. Mu da muke ciki a 2008 mun ga yadda aka dakatar da reshen Faransa na MSF a nan Maradi, ma'aikata da yawa suka wayi gari babu aiki.

Akwai wani abokin aikina, ba zan faɗi sunansa ko inda muka yi aiki ba. Ya bar aiki mai kyau a wajen wani Alhaji, kamar kai. Sau biyar aka sabunta masa kwantaragi, har ya saki jiki ya fara gini a bayan gari, ya sa yara makarantar kuɗi. Na shida ba a sabunta ba. Ranar da aka tara mu aka karanta sunaye, shugabanmu kansa hawaye yake yi, amma hawaye ba ya biyan kuɗin makaranta. Ya koma wurin Alhajinsa ya tarar an daɗe da ɗaukar wani. Shekara biyu ina ganinsa da ambulan ɗin takardu a hammata yana bin allon tallan aiki. Ginin yana nan har yau iya taga, awaki na kwana ciki. A lokacin da ni na shiga, kuɗin agaji ambaliya yake yi, in wannan furoje ya ƙare wancan yana jiranka a bakin ƙofa, ga shi maigidana yana da albashinsa. Kai kuwa kai ne ginshiƙin ɗakin, kuma kasuwar ta fara watsewa kake shirin shimfiɗa kaya.

Ka ce kana ji Allah ne ya nuna maka hanya. Ba ni da ikon cewa ba haka ba ne. Ni ba malama ba ce, amma abin da kowa ya ji a wa'azi zan tuna maka. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, ya ce shi ma da yawa, ya kuma ce ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Yara ukun da ke gidanka da na cikin ciki su ma yara ne, kuma babu wata ƙungiya da ta sa su a kasafinta. Kai kaɗai ne furojensu. A ɗaya gefen kuma, kada wani ya ce maka cin albashi a aikin taimako yana ɓata lada. A ayar rabon zakka, cikin Suratut Tauba, an ambaci masu aikin tattara ta cikin waɗanda ake ba. Halal ne. Abin da zan ja maka kunne a kai daban ne: albashi yana canza zuciya a hankali, ba ka ji. Na ga mutanen da suka shigo da hawaye kamar ni da kai, bayan shekara uku ba sa zuwa taro sai sun tambayi nawa ne fardiyam, wato kuɗin zaman taro. Na ga ana rigima a kan wa zai shiga gaban mota. Ni kaina akwai ranar da na kama kaina ina jin haushin wata uwa don ta zo bayan mun rufe rajista, za ta ɓata mini lissafin ranar. A mota na yi ta istigfari har muka shigo gari. Asabar ɗinka tana da tsabta ne don babu wanda yake biyanka, kuma in ka ga dama ba za ka je ba amma kake zuwa.

Yanzu maiɗakinka. Ka rubuto mini shafi guda a kan abin da kake ji, ita kuma layi ɗaya. Mace mai ciki da aka ce mata albashi zai ragu da jaka 80, miji zai koma wani gari, bayan wata 6 kuma Allah masani, me kake so ta ce? In ta ce kada ka tafi, ta zama wadda ta hana mijinta aikin lada. In ta ce tafi, ita za ta kwana da yara uku da ciki. Shi ya sa ta yi shiru. Lissafi take yi, irin wanda kai kake yi wa Alhaji: haya, gawayi, kuɗin awo, ragon suna, wa zai kai ta likita in naƙuda ta tashi da dare. Sannan ta ji labarin hanya kamar kowa. Yankin Gidan Runji da Madarunfa na bakin iyaka sun sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu. Rikicin nan ne ma ya koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Aikin da za ka je yi na gaske ne, haɗarinsa ma na gaske ne. Ka samu dare bayan yara sun kwanta, ka ajiye wayarka, kada ka fara da wa'azi. Ka ɗauko takarda ku rubuta abin da gidan yake ci a wata, ita tana faɗa kana rubutawa. Za ka sha mamakin abubuwan da take toshewa da kuɗin adashinta ba ka sani ba. Sai ka tambaye ta me ya fi ba ta tsoro, ka kuma rufe bakinka har ta gama.

Baba kuwa bar shi da karin maganarsa, bai yi kuskure a kanta ba. Mutanen zamaninsa sun san aikin gayya, sun yi samariya a mulkin Kunce, sun yi aikin gari da hannunsu ba a biya su ba. Taimako ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Abin da bai sani ba shi ne a ce taimako sana'a ce da mutum zai bar aikinsa dominta. Gardama ba za ta sauya shi ba. Ranar da ka je masa da tsari a hannu, ka ce ga abin da na tara, ga ranar da zan fara, ga abin da zan yi in bai yiwu ba, muryarsa za ta sauka.

Bari in ɗan kauce, don akwai abin da nake yawan tunani a kai tun da na bar aiki. Cikin duk furojen da suka ratsa jihar nan, da motocinsu da allunansu da suka yi tsatsa a bakin hanya, me ya tsaya? Biyu nake iya nunawa da yatsa. Ɗaya Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan ƙauyukan Maradi a 1991. Mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, a kulle a akwatin ƙarfe, a ranta wa mai bukata, ƙarshen zagaye a raba. Babu kuɗin Bature a cikin akwatin, shi ya sa ba ya mutuwa in Bature ya tafi, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Na biyu sassaben zamani. Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya da ya zauna a nan yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya tsaya rage iskar taya a hanyar yashi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Manomi ya koya wa manomi, yau ana maganar kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a ƙasar nan. Je ka Ɗan Saga a yankin Agye ka ga gonaki. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba su taɓa sa hannu a kwantaragi ba. Manoma ne da matan gida da suka ci gaba da sana'arsu.

Abin da ya sa na kawo wannan, kai ma akwai kututture a gonarka da kake sassabewa, wato lissafin nan da ka tsana. Ka san ƙungiyoyin unguwa nawa ne a garin nan, na marayu, na masu lalurar ƙafa, na matan da suka warke daga yoyon fitsari bayan an yi musu aiki a asibitin Danja, na 'yan agajin masallatai, da suke da zuciya amma littafin kuɗinsu kwalin sukari ne cike da guntayen takardu? Wasu sun rasa tallafi don sun kasa nuna inda na baya ya shiga. Wasu sun watse don zargi ya shiga tsakanin shugaba da ma'aji, alhali ba wanda ya ci ko dala, rubutu ne kawai babu. Ka zaɓi ɗaya, ɗaya tak, ka ba ta yamma biyu a mako bayan ka tashi aiki. Ka buɗe musu littafi, ka koya wa ma'ajinsu rubuta shiga da fita, ka tsaya har su fitar da rahoton shekara da za su iya kai wa hukuma ba kunya. Asabar ɗinka kuma tana nan, kada ka taɓa ta. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa suke haɗuwa a kan yara, ana bin gidaje da maganin rigakafin zazzaɓi na 'yan wata 3 zuwa shekara 5, in kana da hutun shekara ka ɗauke shi a lokacin. Wannan zai nuna maka abu biyu: ko za ka iya jure ɓangaren takarda na aikin agaji, da kuma ko gajiya da kamfani ce take tura ka ko son aikin ne yake jan ka. Ba ɗaya ba ne. Mutum yakan gaji da kujera bayan shekara 9 ko da a gidan sarki take.

In shekara ta zagayo zuciyarka tana nan inda take, to sai mu yi maganar tafiya, kuma a lokacin da ƙarfinka za ka je. Kana da shekara 10 a kamfani, ga shekara guda ta lissafin ƙungiya, ga shekara biyu da 'yan kai a fili. Mai irin wannan takarda ba jaka 180 ake masa tayi ba. Kafin nan a sauka lafiya, a yi suna, ka tara abin da zai riƙe gidan wata 6 ko ba albashi, a wurin da hannunka ba ya kai wa da sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa leƙa tallan aiki na ANPE, hukumar samar da aikin yi, don ka ga abin da ake nema, in akwai manhajar lissafi ko Ingilishin da ake yawan tambaya ka fara koya. Ka kuma je ka ji yadda hukumar ANVD ta 'yan sa kai take ɗaukar mutane, ko da ba za ka bi ta nan ba.

Duk ƙungiyar da ta kira ka, wannan ko wata, kada kunya ta hana ka tambaya. Wa yake ba da kuɗin furojen, an sa hannu ko ana jira? Yaushe yarjejeniyarsu da shi za ta ƙare? Ina takardar izininsu ta hukuma? Za su ci gaba da zuba maka CNSS, ko shekara 9 ɗinka za su tsaya nan? In wani abu ya same ka a hanya, wa yake ɗaukar nauyi? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi, kwantabul ma da bai yi su ba ni ba zan ɗauke shi ba. Bayan ka gama da shugabanni, ka sayi shayi ka zauna da mai gadi da direba. Su za su gaya maka ko albashi yana zuwa ranar da aka ce, da mutum nawa suka zauna a kujerar nan kafin kai, da abin da ya tashe su.

Maigidanka kuma, tunda ka ce tsakaninku sai alheri, kada ya ji a bakin mutane. Alhazan garin nan na san halinsu, da yawansu suna fitar da zakka mai nauyi da abincin azumi, amma rabon a ƙofar gida ake yi, mai ƙarfin turawa ya samu, gwauruwar da ke jin kunyar fita ta kwana da yunwa. Ka taɓa ba shi labarin yaron nan na gadon kusa da ɗiyarka? Ka taɓa ce masa, Alhaji, cikin abin da ake fitarwa duk shekara a ba ni buhu kaza in kai gidajen da na auna 'ya'yansu da hannuna, in kawo maka lissafi? Kai ne ka san abin da yake shiga sito, kai ne kuma ka san ƙofofin da ja ya fito. Ban san mutum na biyu a garin nan da yake riƙe da littattafan nan guda biyu ba. In kuma ranar tafiya ta zo, ka roƙe shi hutun wata 6 ba albashi kafin ka yi maganar ajiye aiki. Zai iya ƙi, amma wanda ya riƙe maka amana shekara 9 ba kasafai ake rufe masa ƙofa da sakata ba.

Su kuma mutanen Gidan Runji, kada ka bar su suna jira. Ka je da ƙafarka cikin makon nan, ka gode musu, ka ce iyalinka na gab da haihuwa ba za ka iya barin gari bana ba, amma in suna so za ka riƙa duba musu takardun kuɗi sau ɗaya a wata kyauta. Ka lura da fuskar shugaban lokacin da ka ce kana son ganin takardun. Ka rubuto mini bayan suna ka gaya mini me ka gani, da abin da maiɗakinka ta ce a daren nan.

Hajiya